Neman shawara: darasin raƙuman dawa na Kure

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma ina neman shawararku kan darasin yadda wani nau'in ƙwayar gado yake yawaita ko raguwa a cikin namun daji. Na kawo misalin raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka ragu har suka koma 49 a 1996, sai ɗalibai suka yanke hukuncin cewa mafiya ƙarfi ne suka tsira, don haka zuriyar ta inganta. Ta yaya zan raba musu zaɓin yanayi, wato inda halin da dabba ta gada yake sa ta tsira ta hayayyafa, da sauyin katari, wato inda sa'a kawai take sa wani nau'in ƙwayar gado ya yawaita ko ya ɓace?

Amsa ta farko: Wa alaikumussalam Malam. Ka sa su riƙa tambayar ko halin da dabbar ta gada ne ya tsirar da ita. A gandun dajin Gorongosa na Mozambik, lokacin yaƙin basasa na 1977 zuwa 1992, giwaye sun ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari saboda farautar haure, amma matan da ba su da haure suka tashi daga kashi 18 zuwa kusan 51, tun da ba su da abin da ake kashe su dominsa. Wannan zaɓi ne, domin sauyin ya fuskanci alƙibla guda, kuma halin kansa ne sanadi.

Amsa ta biyu: Malam, ni da wake nake koyar da katari. Ka zuba fari tamanin da ja ashirin a ƙwarya, kowane rukunin ɗalibai ya rufe ido ya ɗebi biyar, sannan a sake cika ƙwaryarsa gwargwadon abin da ya ɗebo. Bayan 'yan zagaye, ja zai ɓace wa wasu kwata-kwata, ya rinjaya a wurin wasu, alhali babu waken da ya fi wani inganci. Daga nan ka sa su ɗebi hamsin hamsin, su ga yadda rabon yake daɗewa bai kauce ba.

Amsa ta uku: Ina ƙara wa bayanin Malama lissafi kaɗan. Daga kowace zuriya zuwa mai bi mata, garke yana asarar kashi ɗaya cikin ninkin adadin masu haihuwa na bambancin gadonsa, wato kusan kashi 1 cikin ɗari ga dabbobi 49, kuma asarar takan wuce haka domin maza kaɗan ne suke barbara. A ƙaramin garke ma katari yana iya shafe hali mai amfani, wanda shi ne abin da ɗalibanka ba su hango ba. Raƙuman Kure sun haura 600 daga baya, amma yawan kawuna ba ya dawo da nau'in ƙwayar gadon da ya riga ya ɓace. Ka ba su aikin gida kan guda takwas da aka kai gandun dajin Gadabeji a 2018, su yi hasashen abin da zai sami gadonsu idan ba a riƙa kawo sabon jini daga Kure ba.