Kaza ta ƙyanƙyashe bayan an yanka zakara, ya akai haka?

Maman Biyu, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwo ku warware min wani abu. Zakara ɗaya tal gare mu a gida, maigida ya yanka shi ranar sallah dan baƙi sun zo, kajin kuma a akurki suke a kulle basa fita, balle a ce na maƙwabta ne ya bi su. Toh wata ja a cikinsu ta ci gaba da ƙwai har 9 ta hau kwanci, na ce a banza zata wahala, sai gashi 6 sun fito ras. Bayan kusan wata ɗaya baƙar ma ta kwanta kan nata, ko ɗaya bai fashe ba, duk baragurbi, warin kam sai da muka wanke akurkin sau biyu. Ɗana yace wai a sukul an gaya musu akwai dabbobin dake haihuwa ba namiji. Irinsu ce jar tawa ko yaya?

Mai Kaji Asawase:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ba wani abin mamaki, 'yan tsakin nan 'ya'yan marigayi ne 😂 Kaza idan zakara ya yi mata barbara akwai wasu 'yan aljifai a cikin hanyar ƙwanta da take ajiye maniyyin, kullum tana sakin kaɗan kaɗan, sai ta kai sati 2 wani lokaci har 3 ƙwanta na da rai. Jar ta yi nata cikin kwanakin, baƙar ce ta makara. Shi yin ƙwai kam ba ruwansa da zakara, ƙwan kiret da muke saya a kasuwar Kejetia yawanci kajin basu taɓa ganin zakara ba, ko shekara aka kwanta a kansa ba abinda zai fito. Nan gaba kar ki jira kwana 21 ya cika, in ta kwana 7 zuwa 10 a kai ki ɗauko da dare ki haska da tocilar waya a ɗaki mai duhu, mai rai zaki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya, wanda kika ga fayau ki cire shi tun bai fashe ya ɓata sauran ba.

Ticha:
Mai Kaji ya gama magana akan kaza, amma yaron ma bai yi ƙarya ba, a bashi makinsa. Kudan zuma dai kowa ya sani, sarauniya in ta yi ƙwan da maniyyi ya shiga mace ke fitowa, wanda bai shiga ba shi ke zama namiji, kenan namijin zuma bashi da uba amma yana da kaka na wajen uwa. Ƙananan ƙwarin nan dake manne a bayan ganyen wake da kabeji su ma mata ne ke haifo mata ba barbara, shi yasa cikin kwana kaɗan suke cika shuka. A Ingila, gidan zu na Chester, wata ƙatuwar guza irin ta Komodo mai suna Flora ta yi ƙwai a 2006 bata taɓa haɗuwa da namiji ba, 'ya'yan suka fito duk maza. Talotalo ma an gani a Amurka tun wajen 1950, shima maza. Amma a tsuntsaye abu ne mai wuyar gaske, galibi tun cikin ƙwai yake lalacewa.

Ɗan Alabar:
To Malam dodon koɗi fa? naji ance shi mata-maza ne

Ticha:
Eh kowanne na da gaban namiji da na mace, amma galibi sai biyu sun haɗu, kuma duka biyun na iya yin ƙwai bayan nan. Masu kiwonsa basu da matsalar Hajiya, ba zakaran da za a yanka.

Maman Biyu, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida yana ta dariya, yace ashe gado zakaran ya bari. Cikin shidan akwai biyu da nake zaton maza ne, ɗaya dai na riga na faɗa, ko gwamna ne ya zo ba mai taɓa min shi.