Wa const ya taɓa ba shi kunya a kan teburin lambobi a cikin program?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa 'yar inbata a kan Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa program), na zuba teburin sine (jerin lambobin da ke ba da siffar igiyar wutar AC) mai lambobi 256, kowace bayit 2, na sa masa const (kalmar da ke hana a canza shi) na ɗauka shi ke nan yana zaune a flash, ma'ajiyar dindindin da program ke zama, sai ga allon yana ta mutuwa yana tashi da kansa, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ashe a ATmega328P, wato guntun da ke kan Uno, const kaɗai ba ya hana a kwafo teburin cikin RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) lokacin kunnawa, kuma RAM ɗin gaba ɗaya 2KB ne, kun ga teburin ya cinye kwata ke nan. Sai da na sa PROGMEM, alamar da ke barin teburin a flash, ina karantowa da pgm_read_word sannan ya lafa. Wa irin wannan ya taɓa samu?

Mai STM32: Wa alaikumus salam Malam. Mu a nan kan guntun STM32 const kai tsaye flash yake zuwa, amma ni ma na sha. Na rubuta const char *sunaye[] na ɗauka na kulle komai, ashe haruffan kawai na kulle, jerin pointa ɗin (adireshin da ke nuna inda haruffan suke) a buɗe yake. A fayil ɗin map, mai nuna inda aka ajiye komai, na gan shi kwance a .data (sashen da ake kwafowa cikin RAM) maimakon .rodata (sashen karatu kawai da ke zama a flash). Const na biyu bayan alamar tauraron nan (*) shi ne maganin.

Wata 'yar'uwa: Ni tawa ta fi ciwo wallahi. Teburin CRC-32, lissafin gano kuskure a saƙo, na kwafa da hannu, lamba ɗaya cikin 256 ta kuskure, gajerun saƙonni na wucewa lafiya, dogaye kuma ana ta mayar da su, ni kuwa ina ta zargin waya ina canzawa. Tun daga ranar na daina liƙa tebur. Da harshen C++17 nake rubuta aikin constexpr, wanda ake lissafawa tun lokacin kwamfayil (gina program), ya gina teburin a std::array daga 0xEDB88320, lambar tushen CRC-32, in bi shi da static_assert ya tabbatar cewa gurbi na 1 ya zama 0x77073096. In ya saɓa, ginin ma ba zai kammala ba.

Ɗan Java: Mu ma a harshen Java final int[] sunan jerin kawai yake riƙewa, ba abin da ke ciki ba, abokin aikina ya canza gurbi ɗaya ba wanda ya ce masa uffan. List.of, mai ba da jerin da ba ya canzuwa, muke amfani da shi yanzu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yaya, don Allah liƙa mana aikin constexpr ɗin nan naki, ina so in ga yadda kika jera madaukin (loop).