Neman shawara: yadda zan nuna wa ɗalibai tasirin gishiri da sukari a kan tafasa da daskarewar ruwa

Malamar kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Ina shirin koya wa ɗalibaina yadda abin da aka narkar a cikin ruwa yake sauya matakin da ruwan ke tafasa da wanda yake daskarewa, kuma na fi son su gani da idonsu a kan in rubuta musu a allo su haddace. Tunanina shi ne in ɗora tukwane biyu a wuta, ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da ruwan gishiri, sannan mu duba ma'aunin zafi idan sun tafasa. Wanda ya taɓa gudanar da irin wannan darasi ya taimaka mini da shawara.

Malamin sinadarai: Wa alaikumus salam Malama. Shawarata ita ce ki ajiye tukwanen nan ki koma ga ƙanƙara, kuma dalilin yana cikin lissafi. Idan aka narkar da mol ɗaya (mol shi ne ma'aunin da masana sinadarai ke ƙirga yawan ƙwayoyi da shi) na ƙwayoyin wani abu a cikin kilogiram ɗaya na ruwa, matakin tafasa yana hawa da digiri 0.512 kacal a ma'aunin Salsiyas, amma matakin daskarewa yana sauka da digiri 1.86, wato fiye da ninki uku da rabi. Giram 10 na gishiri a cikin lita ɗaya ba zai ɗaga tafasar da ko digiri 0.2 ba, kuma ma'aunin zafin da yawancin makarantu ke da shi ba zai iya nuna wannan ɗan bambanci ba. Ƙari a kan haka, matsin iska yana wasa da matakin tafasa: hawan kusan mita 300 sama da teku yana rage shi da kimanin digiri ɗaya, saboda haka ruwan zallar ma ba lallai ya nuna 100 ba, sai ɗalibai su rikice tun ba a zo kan gishirin ba. Daskarewa kuwa ba ruwanta da wannan, domin sauyin matsin iska na yau da kullum bai taɓa ta da abin a zo a gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Na goyi bayan Malam, kuma ga yadda zan tsara shi da ni ne. A samu kwalaben gwaji huɗu, a haɗa wa kowace ruwanta daga giram 100 na tataccen ruwa: ta farko ba a sa mata kome ba, ta biyu giram 5.8 na gishiri, ta uku giram 5.8 na sukari, ta huɗu giram 34 na sukari. A zuba kaɗan daga kowane haɗi a kwalbarsa, a nutsa su cikin dakakkiyar ƙanƙara da aka cuɗa da gishiri, kashi ɗaya na gishiri ga kashi uku na ƙanƙara. Ruwan zalla zai daskare a sifili, na gishiri a kusan digiri 3.4 ƙasa da sifili, mai ɗan sukari a kusan 0.3 ƙasa da sifili, mai sukari da yawa kuma a kusan 2 ƙasa da sifili.

Kwalba ta biyu da ta uku su ne zuciyar darasin, domin nauyin abin da aka zuba musu ɗaya ne amma sakamakonsu ya bambanta da fiye da ninki goma. Ta huɗu kuwa adadin mol ɗinta daidai yake da na ta biyu, tun da mol ɗaya na gishiri giram 58.4 ne, na sukari kuma giram 342, amma duk da haka tasirinta bai wuce rabi da ɗan ɗori ba. Ki bar su su yi ta gardama a kan dalili kafin ki faɗa musu.

Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai, Malama. Sau da yawa ruwan zai sauka ƙasa da matakin daskarewarsa bai daskare ba, sai can ki ga siraran allurai na ƙanƙara sun bazu a kwalbar lokaci guda, ma'aunin kuma ya yi tsalle ya dawo sama ya tsaya. Wurin da ya dawo ya tsaya ɗin nan shi za a rubuta, ba mafi ƙanƙantar lambar da aka gani ba. A riƙa motsa ruwan a hankali, kuma kada ƙasan ma'aunin ya taɓa gilashin.

Ɗalibin jami'a: Malam, ina da tambaya a nan. Me ya sa gishirin ya ninka sukari alhali mol ɗinsu ɗaya? Kuma idan ninki biyu ne, ai 3.72 ya kamata a samu, ba 3.4 ba.

Malamin sinadarai: Tambayarka ta yi kyau, ɗalibi. Ruwa ba ya duba irin abin da aka narkar a cikinsa, yawan ƙwayoyin da ke yawo a ciki kawai yake ƙirgawa. Ƙwayar sukari tana narkewa ne ta zauna yadda take, guda ɗaya, amma gishiri da zarar ya narke sai ya rabu gida biyu, ayon na sodiyam da ayon na kulorayid, wato ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki. Baƙin ƙwayoyin nan ba sa shiga cikin ginin ƙanƙara, sai dai su rage yawan ƙwayoyin ruwan da ke isowa su manne da ita, alhali waɗanda ke barin ƙanƙarar ba su ragu ba, don haka sai an ƙara sanyi kafin ɓangarorin biyu su daidaita. A wajen tafasa ma haka ne: suna rage matsin tururin ruwan, sai an ƙara zafi kafin ya kai matsin iskar da ke danne shi. Batun 3.4 kuwa, ayon masu kishiyantar caji suna jan juna, ba su da cikakken 'yanci, shi ya sa tasirinsu ke gaza ninki biyu.

Wannan ninkin ya taɓa ɗaure wa masana kai. Charles Blagden ya nuna tun 1788 cewa saukar matakin daskarewa tana tafiya da yawan abin da aka narkar, François-Marie Raoult na Faransa ya danganta ta da adadin ƙwayoyi a 1882, amma gishiri ya ƙi bin lissafin sai da Svante Arrhenius ya bayyana a 1887 cewa rabuwa yake yi a cikin ruwa. Malama, idan lokaci ya ba ki dama ki ba su wannan tarihin bayan sun gama gardamarsu, domin matsalar da suka gani a kwalba ita ce ta sha wa manya kai.

Injiniyan motoci: Ni kam ba zan so a yi watsi da tafasa gaba ɗaya ba. Idan aka narkar da gishiri har ruwan ya ƙoshi ya daina karɓa, yana tafasa ne a kusan digiri 108, kuma wannan kowane ma'auni zai nuna shi. Ɗalibi ya ga sauyin ta fuska biyu ya fi ya gan shi ta fuska ɗaya. Misalin da zan ba da shawara a kawo shi ne ruwan lagireto: haɗin rabi ruwa rabi etilin gilaikol ba ya daskarewa sai an kai kusan digiri 37 ƙasa da sifili, kuma yana jure zafi fiye da ruwa zalla kafin ya tafasa. Abin mamakin shi ne gilaikol ɗin shi kaɗai yana daskarewa a kusan 13 ƙasa da sifili, wato haɗin ya fi kowannensu jure sanyi. Amma a bar shi a matsayin bayani, kada a kawo shi aji, domin guba ne mai zaƙi a baki.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Gaskiya ne Injiniya, za a ga 108 ɗin, sai dai lissafin 0.512 ba ya aiki daidai a ruwan da ya yi kauri haka, don haka ya zama nuni kawai, kada a sa su lissafa. Kuma a gargaɗe su cewa kumfar da ke tasowa idan aka watsa gishiri a ruwan da ya kusa tafasa ba alamar ya tafasa da wuri ba ce, ƙwayoyin gishirin ne suka ba tururi da iskar da ke cikin ruwan wurin taruwa su fito.

Malamar kimiyya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi na kwalabe huɗun, in ƙara da nunin Injiniya a ƙarshe. Saura abu ɗaya: idan wani ya tambaye ni ko ƙara gishiri zai ci gaba da saukar da matakin ba iyaka, me zan ce masa?

Malamin sinadarai: Ki ce masa akwai iyaka. Ruwan gishiri ba ya wuce digiri 21.1 ƙasa da sifili, kuma yana kai wa can ne idan gishirin ya kai kusan kashi 23 cikin ɗari na nauyin haɗin; daga nan gishiri da ƙanƙara tare suke fita daga ruwan. Shi ya sa a ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara, idan sanyi ya tsananta sai a koma ga kalsiyam kulorayid, wanda ke rabuwa gida uku, yana kuma fitar da zafi yayin narkewa. Ki kuma ja musu kunne cewa ƙa'idar ɗaga tafasa ta shafi abin da ba ya tashi ya bi tururi ne kawai. Etanol, wato sinadarin barasa, wanda ke tafasa a digiri 78, yana saukar da matakin daskarewar ruwa kamar sauran, amma matakin tafasar ma saukar da shi yake yi, don haka kada ki sa shi cikin kwalaben sai kin shirya buɗe wani darasin dabam.