Cisco AS5350 da FreeRADIUS: lissafin kira ɗaya yana shiga har sau huɗu

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan wannan abu ya hana ni sakat.

Ina da gateway AS5350 (na'urar da ke haɗa kiran waya da VoIP, wato kira ta intanet) da layin waya na E1 guda ɗaya, na haɗa shi da FreeRADIUS 3 (manhajar tantance mai kira da lissafin kira) da MySQL a kan sabar Ubuntu. Tantance mai kira a tashar 1812 lafiya lau take, Access-Accept (amsar amincewa) na dawowa nan take. Lissafin kira a 1813 ne ya rikice. Na san kowane kira ƙafa biyu gare shi, ta waya da ta VoIP, don haka Stop (saƙon ƙarshen kira) biyu ba abin mamaki ba ne. To ni kowace ƙafa sai ta shigo sau huɗu, h323-conf-id (lambar shaidar kiran) ɗaya, Acct-Delay-Time (daƙiƙun jinkirin aika saƙon) kaɗai ke ƙaruwa: 0, 5, 10, 15. Jiya kiran minti 3 aka caje shi kuɗin minti 12, sai da na zauna na goge da hannu.

Na sake rubuta kalmar sirrin RADIUS a gateway da sabar. Na ɗaga timeout daga daƙiƙa 5 zuwa 10, tazarar kawai ta canja. Da tcpdump ina ganin Accounting-Response (amsar lissafin) na fita daga sabar, amma debug radius a gateway bai nuna ya iso ba.

Sabar katin sadarwa biyu gare ta, kuma na lura amsar lissafin ta katin na biyu take fita, da wani IP daban.

Ta yaya zan sa FreeRADIUS ya amsa 1813 da adireshin da gateway ya aiko wa? Na gode.