Gwajin basirar yaro: Wechsler ko Raven?

Maman Abba, Makka:
Assalamu alaikum jama'a. Yarona shekararsa 8, yana aji uku na ibtida'i, wato firamare. Hausa muke yi a gida, Larabci sai a makaranta da wajen wasa. Malaminsu ya ce ba ya gane karatu, a kai shi a auna basirarsa. Inda muka je sun ce akwai gwaji biyu, Wechsler da Raven. Ni dai na san ɗana, ko wayata ta rikice shi ke gyara min. Wanne ya dace da shi?

Baban Hauwa, Jidda:
Wa'alaikumus salam. Hajiya, ki zaɓi Raven. Ba ruwansa da iya magana. Zane ake nuna wa yaro da aka cire wani yanki, ya nuna wanda zai cike gurbin. Na ƙananan yara mai launi ne, tambayoyi 36. Ba za a kayar da shi don Larabcinsa bai nuna ba.

Malama a Madina:
Alhaji, ban yarda a tsaya kan Raven kaɗai ba. Abu ɗaya yake aunawa, in yaro ya ci ma, ba a gano abin da ke hana shi karatu ba. Wechsler na yara kuwa, daga shekara 6 zuwa 16, ƙwararre ne ke zama da yaron shi kaɗai wajen awa guda. Bugu na biyar da ya fito a 2014 yana raba sakamako gida biyar: fahimtar magana, gane siffofi, warware abin da bai taɓa gani ba, riƙe abu a kai na ɗan lokaci, da saurin aiki.

'Yar'uwa, kar ki karɓi jimillar maki kawai ki tafi. 100 ne matsakaici, amma da yaran da suka tashi da Larabci a bakinsu za a kwatanta shi. Ki faɗa wa mai gwajin tun farko cewa Hausa yake ji a gida, ki ce a ba ki makin kowane sashe daban. In magana ce kaɗai ta yi ƙasa, mai yiwuwa ƙarin karatun Larabci yake bukata.

Kakan yara, unguwar Shari'u Mansur, Makka:
Kafin duk wannan, a duba masa ido da kunne. Jikata haka aka yi ta cewa ba ta da kai, ashe allo ne ba ta hangowa.

Maman Abba, Makka:
Allah ya saka da alheri. Baba, gobe in sha Allahu za mu je wajen likitan ido. Malama, in an yi Wechsler ɗin zan turo miki takardar ki duba min.