Daga injiniya zuwa bizines sukul: taransifa ce ko mene ne?

Jama'a, a taimaka da kalma. Ɗalibi yana karatun injiniya, ya gama aji ɗaya ko biyu, sai ya cika fom ya koma abin da ake kira bizines sukul, wato inda ake karatun kasuwanci, amma duk a jami'a guda. Ɗalibai dai "taransifa" suke cewa, ni kuwa ba ta kwanta mini ba. Da na yi tambayar, wasu sun kawo nasu kalmomin da ra'ayoyin, ga amsata.

A wajenmu ma'aikaci ake yi wa taransifa, a ɗauke shi daga Kano a jefa shi Gusau, ko ya so ko ya ƙi. Ka ce wa uba ɗansa ya yi taransifa, abin da zai fara tambaya shi ne "wace jami'ar kuma?" Alhali yaron yana nan, ko ɗakin kwana bai canza ba.

Malamar da ta kawo "canjin kwas", na gode, sai dai JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta riga mu. Wannan shi ake yi kafin a samu gurbi. Na ciki daban ne: sai sashen da zai bari ya sake shi, wanda zai shiga ya karɓe shi, a duba makinsa, a koma kan takardun sakandare. Mai neman injiniya Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri ya rubuta. Masu kasuwanci kuwa tattalin arziki suke nema. Injiniya shekara 5 ce, kasuwanci 4, kuma sau da yawa zuwa aji biyu ake mai da mutum, ya ga ƙannensa sun zama abokan zama.

Mai "sauya sheƙa", Allah ya shirye ka. 'Yan siyasa sun gama da wannan. Da ma ana yi wa yaron kallon wanda lissafi ya koro.

Inda gizo ke saƙar shi ne bizines sukul ɗin kanta. "Makarantar kasuwanci" ita ce ke saurin zuwa baki, amma ita ke sa a zaci an bar jami'a an tafi wata makarantar koyon sana'a. Bizines sukul ta Wharton, wadda aka kafa a 1881, a cikin Jami'ar Pennsylvania take a Amurka, kuma tana ɗaukar masu digirin farko. Ta Harvard, ta 1908, sai mai digiri a hannu. Ta Ɗangote ma a cikin Jami'ar Bayero take. Tunda "tsangaya" ta daɗe da zama a bakin 'yan jarida da malaman jami'a, ni "tsangayar kasuwanci" na zaɓa.

Baba da ya ce ba a koyon kasuwanci a aji, a je Kantin Kwari a gani: ranka ya daɗe, ba na ja da kai. Amma a aji aikin akanta ake koyarwa, da harkar banki, da dabarun talla, da yadda ake tafiyar da kamfani mai ma'aikata dubu. Wanda yake son a cika sunan sai ya ce "tsangayar nazarin kasuwanci". "Fatauci" na masu kai-komo ne tsakanin gari da gari, irin na goron Gwanja. "Tijara" kuwa, duk da asalinta ciniki ne a Larabci, ku gwada cewa ɗanku yana karanta ta ku ji abin da maƙwabta za su ce.

Don haka ga inda na tsaya: sauyin tsangaya. In daga injiniyan lantarki ya koma na gine-gine, sauyin sashe ne. In Zariya ya bari ya tafi Sakkwato, sauyin jami'a. A gwada a baki: "Ya sauya tsangaya, daga injiniya zuwa kasuwanci."

'Yan'uwa na Yamai da Maraɗi, ku me kuke cewa a naku jami'o'in?