"Daidai ruwa daidai tsaki": wai zagi ne ko nasiha?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Ran Alhamis na shiga kasuwar Dole sayen tiya biyu ta hatsi kawai, na dawo da takalmi da caja da wata 'yar rediyo da har yanzu ban san me zan yi da ita ba, jaka 7 ta tafi. Tsohuwa ta dubi ledojin ta ce "daidai ruwa daidai tsaki dai, yaro". Wane tsakin take nufi, wanda ake ja da baki?

Hajiyar Zengo: Kai ɗana, me ya kawo tsakin baki nan! Tsakin hatsi ne, wanda ke saura a rariya in an tankaɗe gari. Ruwa ya yi yawa abu ya tsinke, ya gaza ya ƙi dahuwa. Cewa take ka auna sayayyarka da aljihunka.

Mushe Sabon Gari: Hajiya a gafarce ni, ni ban tsaida shi kan kuɗi ba, don mai kuɗi ma kansa na ɗaukar zafi. Ruwan nan har da lokacinka da hankalinka. Ni da kaina gurup 14 nake ciki a WhatsApp, na dangi, na 'yan lakwal, na anko, na wa'azi, kowanne da bokal na minti goma, in kwanta kai cike kamar na yi dako alhali ban ɗaga ko tsinke ba, forfe kuma kwana biyu ya ƙare. Na fice daga 9, wallahi barci ya dawo.

Tela Garin Malam: Mushe ka ja karin maganar har ta yage. Naka "taura biyu ba ta taunuwa" ne. Mu nan in mutum ya kawo shadda ya biya kuɗin ɗinkin yadi, shi muke ce wa daidai ruwa daidai tsaki, wato abin da ka biya shi za ka samu. Kuma marowata na fakewa da ita, a kula. Wanda ke lissafin kuɗin ɗan ga-ruwa kullum safiya, me za ka ce ya rage?

Hajiyar Zengo: Shi ba da shi ake ba. Da mai rediyo ake.

Ɗan Birni: To na ji. Wa ke so, jaka 2 na sallama, har da batir.

Tela Garin Malam: Tana kama Damagaram sosai? Aje min ita.

Mushe Sabon Gari: Kai da ke da biyu a shago?